Shekarar da Kowa Ya Zo Bakin Rumbu

Bana ruwa ya yi mana wasa da hankali. Ya sauko da wuri, har waɗanda suka yi binne, suka shuka tun ƙasa na bushe, suna yi wa masu jira dariya. Gero ya tashi kore shar, aka yi firi, noman fari ke nan, aka shiga maimai, sai sama ta yi gum. Kullum da la'asar hadari ya haɗo ta gabas, ya yi baƙi ƙirin, mata su yi ta gudun kwashe shanya, sai ya watse kamar an kore shi. Ganyen gero ya fara nannaɗewa tun da hantsi. Ni dai ƙafa ta hana ni zuwa gona, amma ba sai na je ba. In maza suka fito masallaci na ji ba mai ɗaga murya, na san halin da ake ciki.

Ana cikin haka Auta ya zo. Kabiru ke nan, ɗana na ƙarshe, mai aiki a wani kamfanin inshora a Kano. Auta nake ce masa har gobe, ko da yake furfura ta fara keto masa a gemu. An turo shi ya duba gonakin manoman da suka shiga tsarinsu ta hannun ƙungiya, daga nan Sandamu har Mashi. Ya wuni bisa babur, ya dawo fuska duk ta ƙone. Na sa aka dama masa fura, ya zauna a bakin tabarmata, ni kuwa na fara tsokanarsa kamar yadda na saba. Na ce to, masu sayar da alkawari, ga ranarku ta zo, sai mu ga ramin da za ku shiga.

Ya yi dariya, ya ce ba wani rami. Wai abin da mutane ke zubawa ba duka ake taɓawa ba, akwai kason da ake ajiyewa gefe, ko ana ha-maza ha-mata ba a buɗe shi sai babbar masifa ta zo. Akwai waɗanda ba su da aiki a ofishinsu sai duba yadda ruwa ya yi a shekarun baya, suna auna irin muguwar shekarar da ka iya dawowa. Kuma ba sa yarda su tara mutanensu duka a ƙasa ɗaya. In sun ɗauki manomin Daura, sai su nemi na kudu, su haɗa da masu shaguna da masu motoci. Abin da ya fi ba ni mamaki, wai su kansu suna da nasu masu inshorar, manyan kamfanoni can ƙetaren teku, suna ba su wani kaso tun ana zaune lafiya, don in kaya ya fi ƙarfin wuyansu a kama musu.

“Gobarar gida ɗaya ba ta ba mu tsoro, Inna,” in ji shi. “Abin tsoro shi ne ranar da kowa zai zo bakin ƙofa lokaci guda. Ranar nan, sai wanda daminarsa ba taka ba ce zai iya ɗaga ka.”

Nan na bar tsokanar. Na taɓa jin wannan magana, kusan kalma da kalma, daga bakin yayana Idi, tun Auta bai san zai zo duniya ba.

Lokacin ina da sauran ƙuruciya, 'yata ta fari tana goye. A unguwarmu akwai rumbun tsimi na jama'a, wani jibgegen rumbun ƙasa a bayan masallaci. In kaka ta yi, kowane gida sai ya kawo daminsa gwargwadon ƙarfinsa a zuba, a rufe da jinka, a manta da shi. Wanda gobara ta cinye wa rumbu, ko ciwo ya kwantar da shi tsakiyar noma, ko matar da miji ya mutu ya bar ta da yara, daga nan ake fitar musu. Ba bashi ba ne, ba kuma bara ba, domin kowa da hannunsa a ciki. Tun da na zo gidan nan amarya ban taɓa ganin rumbun nan ya ba mu kunya ba.

Malam, maigidana, Allah ya ji ƙansa, shi ke riƙe da shi, gadon mahaifinsa. Mutum ne mai amana har ta yi masa yawa. Ko zangarniya ɗaya ce ta faɗi daga damin jama'a a hanya, sai ya koma ya ɗauko ta. Ina son mutumin nan, Allah ya sani, amma in ya kafe a kan abu, gara ka yi magana da turmi.

Yaya Idi shi ne babba a ɗakinmu, shi ya tsaya mini uba ranar aurena. Ya daɗe da komawa ƙasar Zazzau, can ya yi aure, yana noman masara. Bayan kakar wata shekara mai albarka ya zo ganin yarinyar. Suka zauna a zaure da Malam, ni kuwa ina bayan zana ina sheƙar gero, kunnena na wajensu. Na ji Yaya yana cewa rumbun nan namu abu ne mai kyau, amma duk waɗanda ke zubawa a cikinsa gajimare ɗaya suke kallo. Ya ce a riƙa ɗibar wani kaso ana kai wa wajensa, su ma unguwarsu su riƙa aiko da nasu nan. In tamu daminar ta ƙi, tasu ta ɗauke mu, in tasu ta ƙi, tamu ta ɗauke su.

Malam ya yi godiya mai tsawo, irin wadda kana ji ka san a'a ce ke tafe. Ya ce hatsin jama'a ne, in aka ga jakuna sun ɗauke shi sun nufi gidan yayan matarsa, me za a ce? Yaya ya ce to a bar na jama'a, su ƙulla tsakanin gidajensu biyu. Nan Malam ya sunkuyar da kai. Yayan matarka suruki ne, ba ka cin abinci a gabansa, balle ka ɗora masa cikin iyalinka. Ya ce Allah ba zai kai mu ranar ba. Yaya ya ce amin, amma fa ba a fafe gora ranar tafiya. Daga nan bai ƙara ba, shi ma yana jin nauyin Malam.

Da baƙo ya tafi na ce wa Malam ai ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Ya ce ya sani, amma bakin mutane ya fi wuƙa.

Damina ta gaba ita ce ta ƙi. Aka yi ruwan shuka, aka shuka, tsiro ya fito ya ƙone. Aka sake, ya sake ƙonewa. Wanda ya tsira ya kai gwiwa ya tsaya, ya yi fari-fari, in iska ta kaɗa ka ji yana ƙara kamar busasshiyar kaba. Aka fita roƙon ruwa, maza suka juya rigunansu, mu mata muka daka gumba aka raba sadaka. Ranar ma hadari ya haɗo, muka ji ƙamshin ruwa a hanci, ya wuce ya bar mu. Da lokacin kaka ya yi, ko karan kirki na yin zana ba a samu ba.

Muna shawarar a aika wa dangin Malam na garin Babban Mutum, sai ga su sun yi sallama da buhu ninke a hammata, sun zo nema wajenmu. Mashi haka, ƙetaren iyaka ma abin ya fi muni. Shanu suka cika kasuwa ƙashi da fata, ba mai taya su. Duk inda zumunci ya kai ƙafarmu, rana ɗaya ce ta dake mu.

Dattawa suka zauna, aka ce a buɗe rumbun tsimi. Ranar rabo Malam kan kafa tsani, a ɗaga jinka, ya shiga ya riƙa miƙo dami, a sussuke a bainar jama'a, a auna wa kowane gida gwargwadon bakunan da ke ciki. Da can gida ɗaya ke zuwa a shekara, ko biyu, mai gidan yana sinne kai. Yanzu unguwa ce gaba ɗaya a tsaye da ƙore, har waɗanda a da su ke kawo dami mafi girma. Malam ba ya ɗaukar rabon gidanmu sai kowa ya watse, kuma in mudu ya gaza, a namu yake gazawa, don kada a ce mai riƙon rumbu ya ci. Kafin bazara ta tsaya da ƙafarta, wata ranar rabo ya shiga da tsintsiya ya fito da abin da bai cika faifai ba. Rumbun da aka gina don masifar gida ɗaya ne, ina zai iya da ta gari.

Abin da na fi tunawa da bazarar nan shi ne shiru. Garin da tun asuba lugude ke tashi ta ko'ina, sai ka wuni ba ka ji ƙarar taɓarya ba. In kuwa ka ji, yara sun riga ka zuwa ƙofar gidan. Zafi ya sauko, bango da kansa huci yake, ruwan randa kamar an ɗora shi a wuta. Muka ci dusa. Muka shiga daji ɗibar anza, 'ya'yan wani itace masu ɗacin tsiya, sai an jiƙa an zubar, an jiƙa an zubar, kafin su ciwu. Muka ci yaɗiya, muka gwagwiyi goriba har haƙora suka mutu. Har gidajen tururuwa an tona, ana ƙwace musu ɗan abin da suka tara. Yunwa tana da wari, wanda bai ji ba ba zai gane ba, daga bakin mutum yake fitowa in yana gaishe ka.

A ranin nan nono ya ƙafe mini, dole aka yaye yarinyar. Iya, mahaifiyar Malam, ita ta ɗauke ta zuwa ɗakinta, a cikin gidan nan dai. Yaran yanzu ba za su gane ba, su da ke sumbatar 'ya'yansu a gaban kowa, amma mu a lokacinmu ɗan fari ba naka ba ne a idon mutane. Ba ka kiran sunansa, ba ka yi masa wasa a gaban manya, in ya faɗi wani ke ɗaga shi kana kallon gefe. Yarinyar Iya nake ce mata. Wata 'yar ƙiriniya ce mai bin kaji tana dariya, da 'yar jigida ja a ƙugunta. Sai jigidar ta fara zamewa. Iya ta rage zaren ta ɗaure, bayan ɗan lokaci ta sake ragewa. Ina gani daga bakin murhu, duk ragin nan a ƙirjina ake yinsa.

Ana nan sai ga wani bafataken citta da barkono daga ƙasar Zazzau, ya kawo saƙon Yaya Idi. Ya ce Yaya ya ji labari ba daɗi daga arewa, yana gaisuwa, yana tambaya ko lafiya, ko da wata buƙata. Ina bayan zanar nan dai. Na ji Malam da kunnena ya ce a gaya masa lafiya lau, alhamdu lillahi, ana ta godiyar Allah. Ya ma nemo ɗan goro ya ba manzon. Wallahi ji na yi kamar in keta zanar in fita. Amma matar aure ba ta faɗa wa zaure, ba ta ƙaryata mijinta a gaban baƙo.

Da ya shigo na ce masa, Malam, yarinyar Iya fa ta rame. Iyakar abin da bakina ke iya faɗa ke nan. Ya ce duk yaran unguwa sun rame, kuma gaskiya ya faɗa. Ya ce ruwa ya kusa, da ganye ya fito za a samu sauƙi. Shi ma 'yar farinsa ce, shi ma ba ya iya ɗaukarta ya ji nauyinta a hannu. Da ya taɓa ɗauka ko sau ɗaya, da ya sani.

Ruwa kuwa ya zo, irin wanda tsofaffi suka ce sun daɗe ba su gani ba. Malam ya fasa tukunyar irin da ya liƙe da toka ya ɓoye tun bara, aka shuka, ko'ina ya yi kore. Maza suka riƙa ɗaure ciki da rawani suna noma, ana taya juna, wanda jiri ya kayar a janye shi inuwa a ƙarasa masa kunyar da yake nomewa. Mutane suna zaton yunwa a rani take kisa. A'a, a marka take kisa, lokacin da gero ya ɗauki ciki, kana kallon abinci a gona amma bai isa ci ba. Tafasa da rama suka fito, manya muka samu abin cika ciki. Ita kuwa cikinta ya ƙi ganye, gudawa ta kama ta. Gashinta ya yi ja, ƙafafu suka kumbura, har wata maƙwabciya ta ce lalle yarinya ta fara ƙiba. Iya ta goya ta zuwa wajen malamin asibiti, ya duba ya ce ba magani take nema ba, kunu take nema mai kauri, da ɗan ƙuli ko madara.

Ranar da suka dawo Iya ta kira ɗanta har ɗaki, ina jin su.

“Gobe ka tafi wajen yayan matarka,” in ji ta. “Kunyar ni na ɗauke maka.”

Bai yi musu ba. Ya sayar da babbar rigarsa ta Juma'a ya yi kuɗin mota, ya fita bayan sallar asuba. Sai dai ruwan da muka yi ta roƙo shi ya tare hanya. Motoci suka kafe a taɓo, wani wuri sai an sauka an taka. Tafiyar da ake zaton ta 'yan kwanaki ta ja.

Da safe ne, ana yayyafi, irin na marka da ba ya tsayawa. Ina tsaye a ƙofar ɗakin Iya da ludayin ruwan zafi a hannu, na kasa shiga na kasa komawa. Iya ta ɗago ta dube ni.

“Zo ki karɓi 'yarki. Ba kowa.”

Na karɓe ta. Ba ta fi ƙwarya nauyi ba. Ta buɗe ido ta dube ni, ta kama bakin zanena kamar yadda take yi tana goye. Ban daɗe da ita a hannu ba ta cika. Maza suka kai ta cikin ruwan nan. Mata suka cika gida, suna ta yaba mini, wai dubi 'yar mutunci, ko hawaye ba ta zubar ba. Ina amsa gaisuwa, ina cewa haƙuri sai ga Iya, alhali cikina kamar an zuba garwashi. Ban taɓa tsanar yabo ba irin na ranar.

Ba a tashi zaman makoki ba Malam ya iso. Daga bakin hanya ya yi hayar jakuna, ga buhuna an lulluɓe su da ganye saboda ruwa. Ya karyo kwanar gida ya ga tabarmi a zaure da mutane zazzaune. Waɗanda ke wurin sun ce bai tambayi kowa ba, ya zauna a cikin taɓo inda yake tsaye, igiyar jaki a hannunsa.

Sai daga baya ya iya ba ni labari. Da ya isa, tun bai gama kame-kamen gaisuwa ba Yaya Idi ya kama hannunsa ya kai shi bayan gida, ya nuna masa wani ɗan rumbu. Ya ce wannan naku ne, tun kakar da na dawo daga wajenku nake zubawa. Ya so ya aiko tuntuni, amma yana gudun kada ya zubar wa surukinsa mutunci da kyautar da ba a nema ba, shi ya sa ya aika a tambaya. Amsa kuwa ta zo masa cewa lafiya lau. Duk bazarar da muke jiƙa anza, masararmu na can a rufe da jinka tana jiranmu. Ba mugu ko ɗaya a cikinsu, Allah ya sani. Kowa mutuncin ɗan'uwansa yake karewa.

Aka niƙa masarar. Da hannuna na tuƙa tuwon da masu gaisuwa suka ci. Abin da ya rage Malam ya kai bakin rumbun tsimi aka raba wa unguwa, wannan karon shi bai ɗauki ko mudu ba sai da Iya ta tsawatar. Yara da dama sun tashi a kan masarar nan, wasunsu yau da jikoki, suna zuwa gaishe ni. Ba da jimawa ba gero ya nuna, aka yi kakar da rumbuna suka kasa ɗauka. Daga shekarar har ya koma ga Allah, Malam bai taɓa fashin aika rabon gidan Yaya Idi ba, su ma suna aiko da nasu, kuma ko mutum ɗaya bai ce uffan ba. Maganar da ya ji wa tsoro ba ta taɓa fitowa daga bakin kowa ba.

Ni kuwa tun ranar ban ƙara sa tuwon masara a bakina ba. 'Ya'yana sun tashi sun tarar da haka, suna zaton cikina yake ɓatawa, ni ma na bar su a haka. Auta ma in zai zo shinkafa yake kawo mini.

Duk wannan na zauna na gaya masa ranar, furarsa na gefe ta tsinke bai sha ba. Ya san an yi wata kafin yayyensa, amma iyakar saninsa ke nan. Na ce masa gobe in ya fita duba gonaki, kada ya tsaya ga tambayar yaya ruwa, domin mutanenmu ko gero na ƙonewa a bayansu ce masa za su yi ruwa ya yi gyara. Yanzu ga waya a aljihun kowa, amma amsar ba ta sake ba. Ya shiga gidajen, ya dubi hannun yara.

Waje hadari ya sake haɗowa, jikokina na ta gudun kwashe shanya, ba wanda ya san ko na gaske ne.

“Inna, yaya sunanta?”

Iya ta rasu, Malam ya rasu, Yaya Idi ya rasu. Na duba, duk waɗanda nake jin kunyarsu ba ko ɗaya. Sunan da aka raɗa mata ina ɗaki ina ji, ban taɓa furta shi ba, ko tana raye ko bayan ranta.

“Safiya,” na ce.

Ya fito mini da ƙyar, kamar ƙofar da ta shekara a rufe. Auta ya ɗaga hannuwa, da furfurarsa da komai, ya yi wa yarinyar da ba ta gama koyon magana ba addu'a.

“Allah ya ji ƙan Yaya Safiya.”

A nan na yi kukan da mata suka yaba mini don ban yi ba.